Daddawar Iya Babba

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga a rumfata da ke kasuwar Rano, sai wayata ta yi ƙara. Ɗan Iya Babba ne daga Unguwar Gai. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Iya ta cika ɗazu da hantsi. Ana idar da azahar za a kai ta." Na yi salati, na sauke ƙafata daga kan keken. Allurar ma a jikin rigar na bar ta, na roƙi maƙwabcin rumfata ya rufe min, na hau acaɓa zuwa gidanmu a Lausu.

Iya Babba yayar mahaifiyata ce. Su biyar uwarsu ta haifa a Rurum Tsohon Gari, aure da neman abinci suka rarraba su. Iya Babba tana Unguwar Gai. Mai bi mata Kawu Malam, yana da makarantar allo a wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada. Sai Inna, mahaifiyata. Sai Iya Ƙarama a wajen Saminaka, sai Kawu Auta can bayan Burra, a ƙasar Ningi.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana da magana, sai ta juya wajen matata ko ƙanwata ta ce, "A gaya wa mai keke kaza," ko da kuwa ina tsugune a gabanta. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na tsuguna daga nesa na faɗa mata. Ta ajiye faifan a hankali, sannan ta ce wa matata, "Unguwar Gai fa. Nan da nan. Damina nawa ina cewa zan je."

Ba mu samu mota da wuri ba. Ƙafar Inna ba ta jure zaman babur, sai da muka jira mota a Rano, muka sake jira a Kibiya. Muna shiga gari muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, wani yana ɗauke da makara. Inna ta tsaya a gefen hanya har suka wuce. Abin da na ji ta ce kawai shi ne, "Ko fuskarta."

Bayan sadakar uku, muna shirin tafiya, surukar Iya Babba ta fito da ƙwarya a rufe da faifai. Daddawa ce, manyan curi huɗu. Ta ce ita ce ta ƙarshe da Iya ta yi, tana shanye a kan rumfa ciwon ya kwantar da ita. Iya da kanta ta ware waɗannan ta ce na 'yan ɗakinsu ne, in an samu mai zuwa a aika. Duk wanda ya san daddawar Iya Babba ya san alamarta: kafin ta shanya, takan danna babban yatsanta a tsakiyar kowane curi. Ga gurbin yatsan nan a bushe, har zanen fatarsa ana gani.

A motar komawa Inna ta rungume ƙwaryar a cinya. Ba matata, ba ƙanwata, sai ta fuskanci taga ta ce, "Ba za a aika da wannan ba. Da hannuna zan kai wa kowa nasa. Sauran ba za su tafi ban gan su ba."

Ƙanwata ce ta fara tayar da ƙayar baya. Ta zo har rumfa ta same ni. "Yaya, kai ma biye mata za ka yi? Mace mai hawan jini da ciwon gwiwa, za ka ɗora ta a bayan motar hatsi? Ga waya nan, a kira mata su." Na ce an sha kira. Kawu Malam ba ya jin waya sosai, Iya Ƙarama kuwa da ta ji muryar Inna sai kuka, maganar ta ƙare. Ƙanwata ta ce, "To ka ɗauki shatar mota." Na je tasha na tambayi wani direba kuɗin shata na zagayen duka. Da ya faɗa, na yi dariya, shi ma ya yi dariya, muka yi sallama. Ko keken na sayar ba zai kai mu rabin hanya ba.

Na koma rumfa ina ɗinki ina tunani. Masu kawo min faci yawancinsu 'yan cin kasuwa ne, masu hatsi da masu albasa da dillalan awaki, yau suna wannan gari gobe suna wancan. Sai na riƙa tambayarsu. Daga nan ina kuke zuwa? Wace mota ke kai ku? In kasuwa ta watse, motar ina take kwana? A hankali na gane cewa ƙauyukan da ba a samun motar haya kullum, ranar kasuwarsu motoci har rububin mutane suke, kuma kasuwannin a jere suke kamar carbi, wannan na tashi waccan na ci. In mutum ya bi su daidai, zai yi nisa da kuɗi kaɗan. In kuwa ya kuskure mota ɗaya, sai ya zauna har ranar ta zagayo.

Saura wurin zaman Inna. Akwai wani mai a-kori-kura da ke kai 'yan hatsi wajen Tudun Wada, kujerar gabansa duk soso ya fito. Na ce ya kawo yadi in ɗinka mata riga, ladana ya ajiye wa tsohuwata gaba. Ya ji daɗin ɗinkin har ya ce zai haɗa ni da abokinsa mai bin hanyar Saminaka. Guzuri kuma, na kwance kan kekena daga teburinsa, na sa masa mariƙin hannu, na ɗinka masa jaka. Na ce duk kasuwar da muka sauka zan shimfiɗa buhu in yi faci, abin da na samu shi ne kuɗin motar gaba.

Abu ɗaya ya dame ni. Kafin a shiga ƙauyen Kawu Auta akwai rafi, ba gada. Da rani yashi ne, mota na bi ta ciki. Ruwa na sauka, hanya ta yanke. Lokacin kuwa bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, har an fara sharar gona. Na ce wa matata ta gaya wa Inna a fara da Burra, sauran ko da ruwa ana zuwa. Inna tana jina, ta ce wa matata, "A tambaye shi, a ina aka taɓa tsallake babba aka fara gaida auta? Yanzu Malam ne uban ɗakinmu. In ya ji na wuce shi na je wajen yaron goye, da wane ido zan kalle shi?" Yaron goyen nan gemunsa ya yi fari tas. Aka bar tafiya bisa girma: Malam, Ƙarama, Auta.

Muka tashi da sassafe. Inna a gaba, ta naɗe daddawar a tsumma mai tsabta ta sa a kwalla, kwallar a cinya. Ni a baya kan buhuna, keke a ƙafata. Ƙanwata ta rako mu bakin titi tana ta jaddada min maganin hawan jini, ta ce, "In wani abu ya same ta, kai da Allah." Na ce na ji.

Kafin la'asar muna ƙofar gidan Kawu Malam. Yana zaune a zaure yana duba allo. Ya ɗago ya ga Inna tana dogara sanda, sai ya ajiye allon ya miƙe tsaye, abin da aka ce ya daɗe bai yi wa baƙo ba. Suka yi wa juna gaisuwar rashi. Da aka natsa ta kwance tsumman ta miƙa masa nasa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ga gurbin yatsan, ya ce, "Yaya ke nan." Ya sa aka gutsuri kaɗan aka yi miyar kuka a daren, sauran ya ɗora a kan littattafansa.

A gidan akwai 'yarsa, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu lafiya. Tana ganina da jaka a kafaɗa ta rangaɗa guɗa. "Ga bawanmu ya iso, har da kayan aikinsa! Maza a fito da tsummokaran gidan nan."

Na ce, "Ke dai har yanzu bakinki ya fi tuwonki yawa."

"Za ka ci shi kuwa, ka lashe kwano. Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige."

Na gaya musu tun ranar farko cewa jibi kasuwar da za mu samu motar Saminaka take ci, kuma direban ya san da mu. Kowa ya ce to. Ranar tafiya na tashi na haɗa kaya, na nemi mariƙin kekena na rasa. Inna ta nemi takalmanta ta rasa. Taubashiyata tana bakin murhu tana fifita wuta, ko kallona ba ta yi.

Na ce, "Don girman Allah fito da su, mota za ta tafi."

Ta ce, "Wace mota? An yanka zakara, ga shi a tukunya. Gwaggona ta yi shekara da shekaru ba ta taka gidan nan ba, ka zo za ka fizge ta kamar ka zo karɓar aro?"

Na je zaure na kai ƙara wajen Kawu. Na yi masa bayanin kasuwa da rafi da hadarin da ya fara haɗuwa a gabas. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ruwa na Allah ne. Ƙanwata kuma tawa ce. Zauna ka ci nama." Na leƙa ciki ko Inna za ta sa baki. Na hango ta zaune a kan tabarma ba takalmi, tana murmushi, na gane da saninta aka ɓoye su. Na kira direban na ba shi haƙuri.

Haka muka ƙara mako guda. Raina ya ɓaci a ranar farko, amma ban daɗe a haka ba. Kullum da yamma, in an tashi karatu, ana shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya su biyu. Suna tuno Rurum, da duwatsunta, da wata akuyar uwarsu mai cin sabulu, da ranar da Iya Babba ta zane su duka biyun saboda sun sha mata nonon sayarwa. Ina daga gefe ina faci, taubashiyata ta dawo min da mariƙin bayan ta tara min ɗinkin unguwa guda. A nan na fara jin Inna tana dariya da ƙarfi, har tana riƙe ciki. Na girma a gabanta, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban san haka dariyarta take ba.

Da ranar kasuwa ta zagayo, Kawu da kansa ya rako mu. Ya ba mu gero da ƙwan zabi. Ban taɓa su ba, na ce tsarabar gidan gaba ta samu. Wannan motar babba ce, ta masu sayo masara, kuma gabanta na cin mutum biyu. Na kama zan hau baya, direban ya ce, "Malam tela, shigo nan ka tare tsohuwa, hanyar daji akwai gargada." Na tsaya ina jiran abin da Inna za ta ce. Sai kawai ta matsa. Na shiga na takure a jikin ƙofa. Muna cikin dajin Falgore barci ya ɗauke ta, kanta ya gangaro ya sauka a kafaɗata. Hannuna ya yi sanyi har na daina jinsa, ban motsa ba sai da muka fita daga dajin. Da ta farka ta gyara mayafi, ta kalli taga. Ni ma na kalli gabana.

A kasuwar da muka sauka na shimfiɗa buhu a gindin wata bishiya, Inna a inuwa tana tsaron kwalla. Kafin rana ta karkata na ɗinke wanduna da buhunan da suka ishe mu kuɗin motar kurkura zuwa ƙauyen Iya Ƙarama, har da rarar ƙosai.

An gaya mana idonta ya tafi, amma ban zaci ya tafi duka ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Inna ta ɗaga wa mutanen gidan hannu kada kowa ya yi magana. Ta lallaɓa ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta ta ɗora mata curin. Iya Ƙarama ta kai hanci. Ta shafa gefensa, ta shafa tsakiya, yatsanta ya faɗa cikin gurbin. Ta bar shi a ciki. Can ta ce, "Wa ya kawo min Yaya?"

Inna ta ce, "Wa kike da shi da zai kawo miki?"

Iya Ƙarama ta saki ƙara ta cafke wuyan Inna. Suka yi kuka mai isarsu, ba wanda ya hana su. Da ta share hawaye ta shiga shafa fuskar Inna, ta ce, "Kin tsufa. Ina haƙoranki?"

"Suna inda idonki yake."

Gidan duka aka kwashe da dariya. Iya Ƙarama ta ce, "Wa ya kawo ki? Ke da ko Kibiya sai an yi shekara ana shawara."

Inna ta ce, "Mai keke ne."

"Ɗan naki? Ba shi da suna ne? Zo nan, ɗana, ni ba ni da kunyar kowa." Ta kira sunana har sau biyu da ƙarfi, ta shafa kaina ta sa min albarka. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane.

A gidan nan ruwan farko ya same mu. Da rana tsaka iska ta taso, aka yi ta kwashe shanya, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Yara suna ta tsalle a tsakar gida, manya suna hamdala. Ni ina tsaye a bakin zaure, rafin Burra kawai nake gani. Bayan kwana biyu aka sake yin wani.

Duk da haka na ce sai mun gwada. Muka biyo motar masara muka dawo, muka kwana a gidan Kawu Malam, na kwana da mariƙin kekena a aljihu. Daga nan muka bi kasuwa biyu, ina faci muna gaba, har muka samu a-kori-kurar da ke shiga ƙasar Ningi. Na kira Kawu Auta na ce ga mu nan tafe, ya ce an yi ruwa a tudu jiya, amma mu zo a gani.

Tun kafin mu iso muka ji ƙugin rafin. Ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da rassan itace. Masu fito suna zaune a kan tudu, suka ce yau ko su ba sa shiga. Direba ya kashe mota ya ce zai jira mu kaɗan, don dole ya juya kafin wani hadarin.

Sai na hango wani tsoho a tsallake, da farar riga da hula, yana ɗaga hannu biyu. Na kama Inna na kai ta inda ƙasa ke da ƙarfi. Ta sa hannu ta kare rana, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shi ne. Tsayuwar babanmu ke nan." Na kira shi na sa mata wayar a kunne. Ga shi tana gani, ga muryarsa.

Ta ce, "Auta, har yanzu tsoron ruwa kake? Tsallako mana."

Ina jinsa yana dariya. "Yaya, ke da kika iya, bismilla."

"Ka yi ƙiba. Wa ke ba ka abinci haka?"

"Rigar ce. Ke kuma sanda kika fara?"

Suka yi gaisuwar rashin Iya Babba, suka tambayi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe kwalla ta ɗaga curin sama da hannu biyu don ya gani. Ta ce, "Ga rabonka. Ba zan jefa a ruwa ba. In an yi kaka zan kawo maka." Ya ce Allah ya kai mu. Direba ya danna ham. Har motar ta juya Inna tana leƙe ta taga, shi kuma bai bar wurin ba.

Na zaci za ta yi baƙin ciki a hanya. Sai na ji tana ce wa matar da ke kusa da ita, wadda ba ta ma sani ba, "Duka na gan su. Uku suka rage min, kuma duka na gan su da idona."

Mun dawo Lausu an gama shuka, gero har ya fara tsiro. Ƙanwata ta zo da gudu tana duba Inna sama da ƙasa, ta ga har kumatu ta yi. Ta kalle ni ta ce, "To, Yaya, ka ci gari." Makonni ana shigowa yi wa Inna barka da dawowa, tana ba da labari, tana ƙara gishiri a wajen dajin da wajen rafin. Kowa ta gaya wa sai ta ce, "Ba mota, ba kuɗi. Da keken ɗinki aka kai ni." Nata curin ta riƙa gutsura kaɗan kaɗan ana sa mata a miya har ya ƙare.

Ba ta ga kaka ba. Ciwon ya kwantar da ita gero yana fitar da kai. Ana gobe za ta rasu, da yamma, na shiga gaishe ta na tsuguna a bakin ƙofa inda na saba. Matata da ƙanwata duk suna ɗakin, amma ba ta juya wajen kowa ba. Ni ta kalla. Ta ce, "Kai. Saura na Auta."

Na ce, "To, Inna."

Kawu Auta bai samu zuwa jana'iza ba, rafi ya hana shi, a waya muka yi gaisuwa. Yanzu an yi kaka, ruwa ya janye, 'yan hatsi sun ce mota na bi ta cikin yashi. Na san kasuwar da zan bi da motar da zan hau. Kwallar tana ɗakin Inna inda ta ajiye ta, curin yana ciki a naɗe. Ban kai masa ba tukuna.